Wai da gaske kusan rabin DNA ɗin ɗan Adam kwafe-kwafe ne da ba su da aiki?

Malamin_Bayoloji_TW: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina koyar da Bayoloji a wata sakandare a Tudun Wada. Jiya muna darasin gado a ajin ƙarshe, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce yayanta da ke karatu a Samaru ya gaya mata wai kusan rabin DNA ɗin mutum wasu guntaye ne da ke kwafar kansu suna liƙewa a ko'ina, kuma ba abin da suke tsinana mana. Ta ce sunansu ritirotiransfoson. Na ce ta ba ni zuwa Litinin. Na duba littafin da muke koyarwa da shi, ko layi ɗaya babu a kai. Don Allah masana, adadin nan gaskiya ne? In gaskiya ne, shara muke ɗauke da ita ko akwai amfaninsu? Ba na son in tsaya gaban yara in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Jinom_Samaru: Wa alaikumus salam Malam. Yayan nata bai yi ƙarya a kan adadi ba. Kundin gadon ɗan Adam haruffa ne kimanin biliyan 3. Da aka fitar da karatunsa na farko a 2001, an ga kusan kashi 45 cikin 100 guntaye ne masu ƙaura ko ragowarsu, mafi yawa kuma irin waɗannan masu kwafar kansu ne. Wanda ake kira LINE-1 shi kaɗai ya ci kashi 17, kwafi wajen 500,000. Wani kuma mai suna Alu gajere ne, haruffa kamar 300, amma ya haura kwafi miliyan ɗaya, wajen kashi 10. Ragowar tsofaffin bairos kuma kashi 8. Ɓangaren da ke ba da umarnin ƙera furotin, wanda shi muke koya wa yara, bai kai kashi 2 ba.

Ga yadda za ka kwatanta musu. DNA kundi ne da ba a fita da shi daga ɗaki. In ana son aiki da wani sashe sai a kwafo shi a allo, shi ne RNA, a fita da shi, in an gama a wanke allon. Daga kundi zuwa allo, haka aka saba. To shi LINE-1 ya zo da nasa magatakarda, wani inzayim, wato furotin mai gudanar da aiki a jiki, mai juya aikin: ya karanta allo ya sake rubuta shi cikin kundi, amma a wani shafi dabam. Na asali yana nan inda yake, ga sabo ya ƙaru. Shi ya sa suke tara yawa.

Bazazzagiya_04: Ikon Allah. To in suna ta kwafar kansu haka, me ya hana su cika mu mu lalace?

Jinom_Samaru: @Bazazzagiya_04 Yawancinsu sun riga sun mutu, guntattaki ne kawai suka rage. Cikakken LINE-1 haruffa 6,000 ne, amma magatakardan yakan yanke aiki a hanya, kwafin ya fito rabi. Cikin 500,000 ɗin nan, waɗanda har yanzu ke iya motsi ba su wuce 80 zuwa 100 ba a jikin mutum guda. Su ma jiki ya sa musu takunkumi, yana liƙa musu wata alamar sinadari mai suna metil da ke hana a karanta su. Shi kuwa Alu ba shi da magatakarda ko kaɗan, na LINE-1 yake ara. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko.

Ɗan_Kongo: Ai wannan shi ne abin da matar nan Barbara McClintock ta gano a masara aka ba ta lambar Nobel a 1983.

Manomin_Giwa: Tunda an ambaci masara bari in sa baki. Bana da na ɓare wani goyo daga gonata ta hanyar Giwa, na ga fari da rawaya da ja duk a totuwa ɗaya, alhali farin iri na shuka. Har na ajiye shi a saman rumbu ban sussuke ba. Wannan ne aikin nasu?

Hajiya_Mai_Iri: Baba @Manomin_Giwa, sannu da aiki. In kowace ƙwaya launinta ɗaya ne tsaf, wannan fara, waccan rawaya, to mafi kusa shi ne iska ce ta kwaso garin furen masarar maƙwabcinka ta zuba a gemun taka. Kowane zaren gemu ƙwaya ɗaya yake haifarwa, don haka goyo guda na iya samun ubanni da yawa. Abin da McClintock ta zuba wa ido dabam ne: ƙwaya ɗaya tal amma da ɗigo-ɗigo ko zane-zane a jikinta, kamar an yayyafa mata tawada. Ka ɗauko goyon ka duba da kyau a hasken rana.

@Ɗan_Kongo, ƙanena, akwai ɗan gyara. Waɗanda ta gano a shekarun 1940 'yan uwansu ne amma ba su ba ne. Nata cirewa suke daga wuri su koma wani, kamar dashen tumatir: ka cire daga bedi ka kai kunya, adadi bai ƙaru ba. Waɗanda Malam ke tambaya yaɗo suke kamar ƙiri-ƙiri, uwar na nan 'ya'ya na kama ƙasa. A 1985 aka tabbatar a jikin yis cewa ta RNA suke bi su koma DNA, daga nan sunan ritirotiransfoson ya fito.

Amma masara ce gidansu na gaske. Da aka karanta kundinta a 2009, kusan kashi 85 cikin 100 guntaye ne masu ƙaura. Kuma ga abin da ya fi taɓa ni a matsayin wadda ta yi shekaru tana aikin iri. Kakar masara wata ciyawa ce a Meziko mai suna tiyosinte, mai rassa barkatai da 'yan ƙananan kawuna. Wani mai kwafar kansa da ake kira Hopscotch ya sauka can gaba da wata ƙwayar gado mai hana reshe, ya ƙara mata ƙarfi. Tsiron da ya gaji wannan sai ya miƙe kara ɗaya. Manoman can, wajen shekara 9,000 da suka wuce, suka riƙa zaɓar irinsa. Duk karan masarar da ka gani a tsaye daga Samaru zuwa Soba yana ɗauke da wannan. Ni dai ba zan iya kiran abin da ya ba mu wannan shara ba.

Ɗan_Kongo: Na karɓi gyara Hajiya, na gode.

Abu_Huzaifa: Ni kalmar shara ce ma ta dame ni tun farko. Allah bai halicci komai a banza ba, "Rabbana ma khalaƙta haza baɗila". Rashin sanin amfanin abu ba ya nufin ba shi da amfani. Malam, kada ka je ka ce wa yara rabin jikinsu bola ce.

Jinom_Samaru: Malam @Abu_Huzaifa, kalmar ba tamu ba ce, wani masani ɗan Japan Susumu Ohno ne ya yaɗa ta a 1972, kuma masana da yawa sun daina son ta. Amma mu bambance abu biyu. Hikimar Ubangiji a halitta magana ce guda. Tambayar ɗakin bincike ita ce: in aka cire wannan guntun, jiki zai ji? Ga misalin da ke hana ni gaggawa. Albasar da ake jibgewa a kasuwar Sabon Gari kundin gadonta haruffa ne wajen biliyan 16, ninki biyar na mutum. Shin albasa ta fi mutum buƙatar umarni har sau biyar? Abin da aka gani shi ne masu kwafar kansu sun fi samun sakewa a jikinta. Kaɗan daga cikinsu an tabbatar suna aiki. Mafi yawa babu hujjar suna yi wa jiki wani abu, zaune kawai suke.

Abu_Huzaifa: Babu hujja yau. Shekaru nawa aka yi ana cewa wasu sassan jiki ba su da amfani daga baya aka gano?

Jinom_Samaru: Haka ne, kuma ƙofar a buɗe take. Sai dai wanda ya ce kowane ɗaya cikin kwafin Alu miliyan yana da aiki, shi ma hujja za a nema a wurinsa.

Dakta_Shika: Bari in kawo wa Malam Abu Huzaifa abin da zai ji daɗinsa. Mabiyiya, wato uwar cibiya. A inda take haɗuwa da jinin uwa akwai wani shimfiɗaɗɗen bango da tantanin halitta masu yawa suka narke suka zama abu ɗaya. Ta nan abinci da iska ke ratsawa zuwa ga jariri. Furotin ɗin da ke narkar da su wuri guda sunansa sinsitin, kuma a shekarar 2000 aka gano asalinsa ƙwayar gadon wani tsohon bairos ce da ya shige kundin gado ya zauna. Shi bairos da wannan furotin yake manne wa tantani don ya kutsa ciki. Jiki ya karɓe makamin ya mai da shi kayan aiki. Masu bincike a Faransa sun kashe irin wannan ƙwayar gado a jikin ɓeraye, 'ya'yan suka mutu tun a ciki saboda mabiyiya ba ta ginu daidai ba.

Ungozoma_Kofar_Doka: Subhanallah. Shekarata 19 ina karɓar haihuwa. Duk mabiyiyar da ta faɗo sai na shimfiɗa ta a tire na juya ta gaba da baya, in tabbatar ba guntun da ya maƙale a ciki, kafin in miƙa wa tsofaffi su je su binne. Dubbai sun bi ta hannuna. Wallahi ban taɓa jin wannan ba, tsigar jikina har ta tashi.

Sadauki_PZ: Dakta ka ce bairos, su kuma suna maganar ritirotiransfoson. Abu ɗaya ne?

Dakta_Shika: Dangi ne na kusa. Dukansu da inzayim mai juya rubutu suke aiki, wanda Howard Temin da David Baltimore suka gano a 1970. Bambancin, bairos yana da riga da zai fita daga tantani ya kama wani. In ya shiga ƙwan haihuwa ya rasa rigar, ya zama ɗan gida, 'ya'ya su gaje shi. Ana ganin hakan na faruwa yanzu haka a jikin dabbar kowala ta Ostareliya.

Maman_Khalifa: Don Allah sikila ma su ne ke kawo ta? 'Ya'yana biyu ke da ita.

Dakta_Shika: A'a Maman Khalifa, Allah ya ba su lafiya. Sikila harafi ɗaya ne tak ya canza a ƙwayar gadon himogulobin, babu ruwan waɗannan.

Ummu_Abdallah: Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ɗana yana da shekara shida aka yi masa kaciya lokacin sanyi tare da 'yan uwansa huɗu. Kowa jininsa ya tsaya, nasa ya ƙi. Tsumma uku muka canza kafin la'asar, wanzamin ya sa magani ya sake sawa, yaron har leɓensa ya yi fari. Da daddare muka kai shi asibiti aka ƙara masa jini. Daga baya gwaji ya nuna himofiliya ce. Sai a lokacin mahaifiyata ta gaya mini ƙanenta a wurin kaciya ya rasu, aka ce maita ce. Yanzu ko faɗuwa ya yi a makaranta gwiwarsa sai ta kumbura kwana da kwanaki. Na taɓa jin an ce wannan cutar tana da alaƙa da abin da kuke magana. Gaskiya ne? Dangin mijina har yau suna cewa ni na kawo musu.

Dakta_Shika: Yaya @Ummu_Abdallah, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan haƙuri. Alaƙar da kika ji ta tarihi ce. A 1988 wani likita a Amurka, Haig Kazazian, yana duba masu himofiliya 240, ya tarar da yara biyu da guntun LINE-1 ya faɗo tsakiyar ƙwayar gadon sinadarin daskarar da jini mai lamba 8, ya lalata ta. Iyayensu ba su da wannan canjin, sabo ne. Wannan ne karo na farko da aka kama abin yana motsi a jikin ɗan Adam har ya jawo cuta. Amma ki lura, biyu cikin 240. Mafi yawan himofiliya wasu canje-canje ne dabam ke kawo ta. Yadda kika ba da labarin kawunki, alama ce tsohon gado ne da ke bi ta wajen mata ya bayyana a maza, domin a kan kuromosom X yake, wato sashen kundin gado da namiji ke gada daga uwarsa. Ba laifinki ba ne, ba wanda ya zaɓi abin da ya gada. Abin da zan roƙe ki: duk namijin da aka haifa a ɗakinki ko ɗakin 'yan uwanki mata, a yi masa gwaji kafin a kai shi wurin wanzami, kuma a faɗa wa likita kafin cire haƙori ko wata tiyata.

Ungozoma_Kofar_Doka: Ƙanwata ki riƙe wannan shawarar da kyau. Har cire belun jarirai ma a kiyaye.

Ummu_Abdallah: Na gode Dakta, na gode Inna. Zan karanta wa mijina.

Sadauki_PZ: To ashe ba zaune kawai suke ba, @Jinom_Samaru. Suna ɓarna.

Jinom_Samaru: Suna yi, ɗan hakin da ka raina. An rubuta sama da mutum 100 da irin wannan faɗowa ta jawo musu cutar gado. Akwai ciwon shanyewar tsoka na Fukuyama a Japan, da wani ciwon murɗewar jiki da ke kama maza 'yan asalin tsibirin Panay a Filifin, duka biyun wani ɗan uwansu mai suna SVA ne sanadi. A ciwon daji kuma takunkumin metil ɗin nan yakan saki, sai su farka. A 1992 an sami LINE-1 a cikin ƙwayar gadon APC, mai tsare babban hanji daga kansa, a ƙarin wani majinyaci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma wani lokacin shi ne ke fara tsaga bangon.

Kwangila_Boy: Na ji an ce maganin ƙanjamau yana kashe su har ya hana tsufa.

Dakta_Shika: Tsaya nan ƙanena. HIV da irin wannan inzayim yake aiki, magunguna kamar lamibudin shi suke toshewa, kuma gaskiya ne suna taɓa na LINE-1 a ɗakin gwaji. A 2019 an ba tsofaffin ɓeraye an ga kumburin cikin jikinsu ya ragu. Ɓera ke nan. Kada wani ya je kemis ya saya. Mai ciwon hanta nau'in B da bai san yana da shi ba, in ya sha ya daina, hantar na iya tashi masa da ƙarfi.

Manomin_Giwa: Hajiya, to wannan masarar TELA da ake ta cece-kuce a kanta, ita ma wannan tsalle-tsallen ne?

Hajiya_Mai_Iri: A'a Baba. TELA, da aka amince da fitar da ita a farkon 2024, masana ne suka sa mata ƙwayar gado da gangan don ta jure tsutsa, kamar waken SAMPEA 20-T na 2019. Abin da muke magana yana cikin kowace masara, ta gargajiya da ta zamani, tun kafin a san akwai ɗakin bincike.

Gaskiya_Ɗaya: Ni dai ban yarda da irin da ake taɓawa ba. A bar mu da na kakanninmu.

Mai_Kula_Da_Zaure: Jama'a, maganar irin da aka sauya tana da nata zaren tun watan jiya. Mu koma kan tambayar Malam.

Hajiya_Mai_Iri: To bari in ƙara masa misalan da yara za su iya riƙewa a hannu. Farin inabi: wani mai kwafar kansa ne ya zauna a bakin ƙwayar gadon da ke kunna jan launi, ya kashe ta. Lemon zaƙi mai jan ciki na Sisili akasin haka ne, shi kunnawa ya yi, kuma sai an yi sanyi yake aiki. Sai kwakwar manja, wadda asalinta nan Afirka ta Yamma ne. A Malesiya sun riƙa ninka bishiyoyi masu yawan mai a ɗakin gwaji, sai wasu suka girma suna ba da 'ya'ya nakasassu marasa mai, bayan an yi shekaru ana jiran su. A 2015 aka gano takunkumin metil ne ya saɓule daga kan wani mai suna Karma.

Ɗan_Kongo: Akwai kuma binciken 2024 da ya ce wani Alu ne ya faɗa ƙwayar gadon TBXT, shi ya sa manyan birai irin su gorila ba su da wutsiya, mutum ma yana ɗauke da shi a wuri ɗaya.

Abu_Huzaifa: Ga inda na san za a zo. Mu 'ya'yan Annabi Adamu ne, alaihis salam. Kamanni a halitta shaida ce ta Mahalicci ɗaya. Malam, wannan kada ya shiga aji.

Jinom_Samaru: Abin da zan iya faɗa a fagena shi ne guntun yana wurin, an karanta shi, kuma da aka yi wa ɓeraye irin canjin wutsiyarsu ta gajarce ko ta ɓace. Masana juyin halitta suna ɗaukar kwafi ɗaya a gurbi ɗaya a matsayin shaidar asali ɗaya, domin da wuya ya faɗa wuri guda sau biyu. Da wannan hanyar ake bin dangantakar irin shuka da na dabbobi. Ɗalibin da zai shiga jami'a zai tarar da maganar, gara ya ji ta daga malamin da ya san shi.

Abu_Huzaifa: A masara da inabi ban musa ba, ido na gani. A kan ɗan Adam ina nan a kan bakana.

Malamin_Bayoloji_TW: Na gode ƙwarai, na cika shafi huɗu. Zan shiga da allo da goyon masara da albasa. Amma har yanzu in yarinyar nan ta ce, Malam, a taƙaice shara ne ko ba shara ba, ban san kalma ɗaya da zan ba ta ba. @Jinom_Samaru ya ce mafi yawa zaune suke, Hajiya da Dakta sun nuna waɗanda ba mu iya rayuwa ba tare da su ba.

Bazazzagiya_04: Malam ka mayar mata da tambayar albasar, ka ji me ajin zai ce.

Manomin_Giwa: Hajiya, na sauko da goyon daga rumbu na duba a rana kamar yadda kika ce. Yawanci launi ɗaya-ɗaya ne, kuma maƙwabcina rawaya ya shuka. Amma can wajen gindi akwai ƙwaya uku farare masu zanen ja siriri kamar an ja da allura. Malam, in kana so jikana zai kawo maka shi Tudun Wada ranar Lahadi, sai dai a dawo mini da ukun nan, ina so in shuka su gefe guda da damina.